Suame Magazin: Neman Altanetar Tsohuwar Fijo a Kumasi

Duk wanda ya taɓa hawa motar Tamale daga Kumasi ya ratsa ta Suame, ko ya sani ko bai sani ba. Da an baro Kejetia an miƙa arewa, ba za a yi nisa ba za a iske babban shataletalen nan inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta yi Mampong, ɗaya ta ɗauki Offinso da Techiman, ta zarce Tamale da Bolgatanga har iyakar Burkina Faso a Paga. Tun daga nan kunne ke fara ba mutum labari kafin ido ya gani. Ga ƙarar guduma a kan ƙarfe, ga ƙugin injin walda, ga hon na manyan motoci suna neman hanya a lungun da ko amalanke da ƙyar za ta wuce. Ƙasar wurin ja ce asalinta, amma baƙin mai na shekara da shekaru ya rine ta. Wannan shi ne Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera da masu sayar da kayan mota, wadda ake lissafa ta cikin irinta mafi girma a Afirka.

Sunan Magazin ba shi da alaƙa da mujalla irin wannan da kuke karantawa. A bakin sojan Ingila, magazin shi ne ma'ajiyar makamai da albarushi. A wajen shekarun 1930 masu gyaran mota suka fara taruwa a kusa da wata tsohuwar ma'ajiyar makamai ta Turawan mulki a Kumasi. Da gari ya bunƙasa suka koma Suame, sunan kuwa ya bi su. Yau har a wasu garuruwan Ghana, irin su Techiman, matattarar makanikai Magazin ake ce mata. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 200,000 ke cin abinci a wannan unguwa.

Wahala ce ta koyar da su. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 tattalin arzikin Ghana ya shiga matsi, kuɗin waje ya yi wuya, kayan gyaran mota suka ɓace daga kantuna. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Abin da ba a iya saya sai aka koma ƙera shi, abin da ya mutu aka koyi tayar da shi. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Magazin don kawo wa masu sana'a injinan sassaƙa ƙarfe da dabarun narka shi. A 2013 kuma masu sana'ar wurin, tare da wasu mutum biyu 'yan ƙasar Holan, suka harhaɗa mota sukutum daga kayan da ake samu a unguwar, suka sa mata suna Turtle 1. To, wurin da aka iya haɗa mota daga tsince-tsince, ai neman altaneta ɗaya bai kamata ya gagara ba. Sai dai samun altaneta daban, samun wadda ta dace da motarka daban.

Motar da ta ƙi tsufa

Peugeot 504, wadda mu muke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, kuma a wannan shekarar ce masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan nan. A Turai yanzu kayan tarihi ce, masu sha'awa ke goge ta su fito da ita ranar hutu. A wurinmu kuwa har yau akwai gidajen da ita ce jari, ita ce kanti, ita ce motar kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Kawuna yana cikin irin waɗannan. Ya daɗe a Aboabo yana harkar albasa, kuma doguwar Fijonsa ce ke kai shi Techiman da ƙauyukan hanya, ya sauke kaya ya karɓo kuɗin bashi. Da na kai musu ziyara na tarar motar ta shiga wani hali: fitilun gaba sun yi ja kamar na aci-balbal, da safe kuma sai yaran unguwa sun tura ta. Masu ba da shawara suka yi ta cewa batir ne, a sayi sabo. Alhali batir randa ce kawai, altaneta ce mai ɗebo ruwan. In mai ɗebo ruwa ya daina zuwa, ko sabuwar randa ka saya kwana kaɗan za ta ƙafe.

Abin ba wasa ba ne ga ɗan kasuwa. Fitilun gaba guda biyu masu wat 55 kowace suna jan kusan amfiya 9, ban da wutar da filogi ke buƙata da fitilun baya da abin share gilashi. Idan altaneta ta daina caji da dare, batir kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi, ba kuwa zai yi nisa ba. Ka ƙaddara mota ta mutu maka tsakanin Techiman da Kintampo, ga duhu, ga kuɗin mutane a jikinka, ga kayan da ba sa jiran gobe. Saboda haka Kawu ya ce a yi ta ta ƙare, gobe da sassafe sai Magazin.

Da wa za ka shiga?

Baƙo ko da ido makaho ne. Magazin ba ta da ƙofa ɗaya, ba ta da allon da zai nuna maka ina ne layin masu wayarin, ina ne na masu giya. Lungu ne cikin lungu, rumfa ta jingina da rumfa. Da ka tsaya kana waige-waige, 'yan kamasho za su yanyame ka, kowa na cewa abin da kake nema yana wurinsa. Wasunsu mutanen kirki ne, amma ladansu a cikin kuɗin kayan yake, kai ne za ka biya.

A nan tsohuwar al'adarmu ta zango take amfani. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga da ƙasar Asante, baƙo ba ya shiga kasuwa sai ta hannun maigidansa. Shi ya san wa ke da amana, shi ake jin kunyarsa. Wani dattijo maƙwabcin Kawu ne ya haɗa mu da yaronsa, ya ce ya kai mu wurin wani mai wayarin da suka shekara da shekaru suna hulɗa. Wannan haɗin ya fi duk wani ragi da za mu samu da bakinmu.

Harshen Magazin Twi ne, amma Hausa ba baƙuwa ba ce. Akwai 'yan zango da 'yan arewacin Ghana da yawa a cikin masu aiki, ga direbobin manyan motoci daga Nijar da Burkina da Mali da ke kawo gyara. Sai dai Hausar zango tana da nata salon, za ka ji an ce "ya zo" alhali mace ake nufi, kada ya dame ka. In ka iya cewa "maakye" da safe, ka ce "medaase" in an yi maka alheri, za ka ga fuska ta saki. Karin kumallo ma ba zai yi maka baƙunta ba: kokon da suke kira Hausa koko da ƙosai yana kowace kusurwa, ga waakye, wanda sunansa ma daga shinkafa da wakenmu ya samo asali.

A rumfar Masta

A Ghana duk mai rumfa da yara a ƙarƙashinsa Masta ake ce masa. Namu dattijo ne mai furfura, yana jin Hausa ras. Bayan gaisuwa Kawu ya ce, "Masta, altaneta muke nema, tamu ta gaji." Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, bari mu tambayi motar tukuna."

Bai taɓa sifana ba sai da ya ɗauko mita. Lafiyayyen batir in mota na kashe yana nuna kusan bolt 12.6. In an tayar da inji, altaneta mai lafiya takan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Tamu da aka tayar ba ta ko kai 12.5 ba, da aka kunna fitilu sai allura ta ƙara yin ƙasa. Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya danna fambel da babban yatsa, don in ya saki fiye da kamar santimita ɗaya yana iya zamewa ya hana caji. Ya duba kan batir ko ya yi gishiri, ya bi wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Sau da yawa, in ji shi, mutum kan sayi altaneta alhali waya ɗaya ce ta ci tsatsa.

Wani abu da ya hana yaransa yi a gabanmu shi ne cire kan batir inji na aiki, wai don a ga ko mota za ta mutu. Gwaji ne da ya yaɗu a bakin titi, amma yana iya ƙona dayod da katawut na altanetar da lafiyarta ƙalau.

Da aka kwance ta aka buɗe a kan benci, ya kira ni ya ce, "Ɗana, matso ka gani." Cikinta ba wani sihiri. Akwai amecha a tsakiya wadda fambel ke juyawa, burushi biyu na gawayi ke ba ta 'yar wuta ta zama maganaɗisu. Kewaye da ita akwai naɗin wayar tagulla kashi uku, nan wutar ke haifuwa. Dayod shida ke daidaita wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. Sai katawut, mai hana caji ya wuce kima, da boris biyu, gaba da baya. Burushi da boris da dayod duk ana canza su da kuɗi kaɗan, naɗin waya ma akwai masu sake shi a Magazin. Don haka shawarar farko a kullum ita ce a gyara ta asali, tunda ita aka yi wa mazaunin. Tamu dai ta wuce nan: naɗin ya ƙone baƙi ƙirin, kunnen da ake ɗaure ta da shi ya tsage a inda aka taɓa yi masa walda. Sai canji.

Uku aka kawo, ɗaya ta dace

Masta ya ɗora wa wani yaronsa tsohuwar a kafaɗa, muka bi shi. Wannan ita ce doka ta farko: kada ka je neman altaneta da baki ko da hoto a waya, tafi da tsohuwar a hannu. Muka ratsa layin masu injuna, inda aka jera su a ƙasa kamar doya, muka wuce masu ƙera bodin manyan motoci, muka kauce wa aboboya mai ƙafa uku da ta ɗauko gaban wata mota ɗungurungum. Yawancin kayan nan na hannu ne, daga Turai da Japan da Koriya, ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Tema. Abin da a Najeriya ake ce wa Beljiyam ko tokumbo ke nan.

Fijo ta zamanin farko takan zo da altanetar kamfanonin Faransa irin su Paris-Rhône da Ducellier da SEV Marchal, waɗanda daga baya duk suka shige ƙarƙashin Valeo. Da yawansu katawut ɗinsu a waje yake, wani ɗan akwati a jikin bangon inji. Irin waɗannan sun yi wuya yanzu. Bayan yawo mai yawa muka dawo rumfa da guda uku, bisa sharaɗin wadda ba ta yi ba a mayar.

Ta farko sabuwa ce fil a kwali, tana ƙyalli, kuɗinta kuma ya fi na sauran sauƙi. Masta ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya ɗaga tsohuwar da ɗayan, ya miƙa wa Kawu ya ji bambancin. Sabuwar ba ta da nauyi. Nauyin altaneta tagulla ne da ƙarfe, in an rage su an rage kwananta. Kwali kuwa kowa na iya buga sunan da ya ga dama a kai. Araha ba ta ado.

Ta biyu ƙatuwa ce daga wata motar zamani, mai ba da amfiya sama da 100. Ido zai so ta, amma matsalarta uku. Fulinta na bel mai faɗi ne mai layi-layi, Fijo kuwa siririn fambel take amfani da shi. Kunnuwanta ba su hau mazaunin ba. Babbar matsalar kuma, soket ɗinta na jiran umarni daga kwamfutar mota, abin da Fijo ba ta da shi. Ko da an tilasta ta ta zauna, wayoyin tsohuwar mota an yi su ne daidai da altaneta mai ƙaramin ƙarfi, in ba a canza babbar wayar da ke zuwa batir ba tana iya ɗaukar zafi. Gobarar mota da yawa daga irin wannan ƙarin ƙarfi ba lissafi take tashi.

Ta uku ba ta da kyan gani, duk ta yi baƙi da mai da ƙura. An ciro ta ne daga Peugeot 505, ƙanwar 504 da ta fito a 1979, wadda masu fetur ɗinta da yawa injinsu dangi ɗaya ne da na yayarta. Masta ya jera ta da tsohuwar a kan benci, ya auna tazarar kunnuwa, ya duba ɓangaren da kunnen ɗaure fambel yake, ya juya fuli da hannu yana saurare ko boris na ƙara. Sannan ya ɗaure ta a injin gwaji, wata tsohuwar motar lantarki ce ke juya ta da bel, ga batir ga jerin ƙwan fitila. Ta yi caji, da aka ɗora mata nauyin fitilun ma ba ta faɗi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk da haka bai ɗora ta haka nan ba. Ya sa mata sabbin burushi da boris, ya wanke ta. Da aka ɗaure ta a mota ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulinta da na inji don ya tabbatar suna kan layi ɗaya, domin in sun karkace ko kaɗan fambel zai riƙa cinyewa, boris ya mutu da wuri. Da yake wannan katawut ɗinta a ciki yake, sai ya cire tsohon na waje daga layi, ya naɗe bakin wayoyinsa. Ya haɗa babbar waya a inda aka rubuta B+, ƙaramar kuma a D+, wadda ke zuwa jar fitilar batir a dashbod. Wannan 'yar fitila ba ado ba ce: ta cikinta wutar farko ke bi ta tayar da maganaɗisun amecha. In ƙwanta ya mutu, ko motar agogon caji kawai gare ta ba fitila, altaneta irin wannan na iya ƙin fara caji sai an sa mata. Aka tayar da mota, mita ta nuna 14.1, aka kunna fitilu da komai ta tsaya a 13.8.

Ciniki da abin da ke bayansa

Wanda ya saba da naira ko sefa ya kula da lissafin Ghana. A 2007 aka canza kuɗin ƙasar, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Har yau akwai masu yin ciniki da tsohon lissafi, musamman manya. In aka ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi. Kafin ka ce "na saya" ko "albarka", tambayi da wane lissafi ake magana. Ka kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, a sa wa kayan alama da fenti ko a karce wani harafi a jikinsa, don kada gobe a ce ba shi ba ne. Kuɗin aikin Masta daban, ɗan abin shan ruwa na yaran da suka sha yawo da kai daban. Kada ka raina wannan na biyun, su ne za su gane ka in ka dawo.

Yaran nan su ne ƙashin bayan Magazin. Iyaye ke kawo su daga ko'ina a Ghana, su shekara uku, huɗu, biyar suna wankin noti da miƙa sifana kafin a yaye su. Rayuwar ba sauƙi: wasu a cikin motocin da aka kawo gyara suke kwana, ga baƙin mai da ruwan batir da ke malala a kwata, ga walda ba tabarau na kirki. Wanda ke tunanin kai ɗansa koyon sana'a can ya fara zuwa da ƙafarsa, ya ga rumfar, ya ga Mastan, ya san inda yaron zai kwana da wanda zai sa masa ido a zango.

Sana'ar kanta tana sauyawa. Motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, sai an jona musu na'ura kafin su faɗi ciwonsu, kuma samari sun fi karkata can, tunda can kuɗin yake. Masu sanin Fijo ciki da waje, waɗanda za su ji ƙarar boris su faɗa maka na gaba ne ko na baya, yawancinsu furfura ta kama su. Motocin da ake kwancewa a samu kayanta ma kullum raguwa suke. Don haka mai tsohuwar mota ya yi wa kansa tanadi tun yanzu. In ka samu altanetar da ta hau daidai, rubuta lambar da ke jikinta da irin motar da aka ciro ta, ka ajiye takardar tare da takardun mota. Ka sa a zana maka yadda aka haɗa wayoyin, don mai wayarin na Tamale ko Wagadugu ko Yamai ya gane abin da aka yi. Tsohuwar da aka cire kada ka bar wa 'yan bola jari: fulinta da fankarta da notinta duk za su yi rana. Ka riƙa tafiya da fambel na ajiya da burushi biyu a cikin mota, ba su da nauyi, ba su da tsada.

In kuwa hanya ta biyo da kai Kumasi, ko motarka lafiya lau take, ka ware rabin yini ka shiga Magazin da ɗan rakiya. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, ka tafi da sassafe kafin rana ta buɗe, ka nemi dattijon da ya san irin motarka ku gaisa, ka karɓi lambarsa. Ranar da jar fitila ta kama maka a hanya, wannan gaisuwar ce za ta yi maka amfani.